Kalmar da Ke Cikin Yatsun Mama Tafireta

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin makarantar nan, ko neman takardar shaida ko kawo ƙarar malami, ya san teburin da ke bayan ƙofa, ya kuma san mai teburin. Mama Tafireta ake ce mata. Sunan ya samo asali tun zamanin da take aiki da wata tafireta mai nauyin tsiya, wadda ke buga ƙararrawa in ta kai ƙarshen layi. Tafiretar ta daɗe da komawa saman kabad, an lulluɓe ta da tsohon labule, amma sunan ya zauna daram. Hatta jikokinta in suna jin tsokana haka suke kiranta, sannan su ranta a na kare.

Shekara talatin da biyu ta yi a kan kujerar nan. Gajeriya ce, tabarau a kan karan hanci, kuma ba a ganin haƙoranta da safe sai ta kurɓi shayi. Abin alfaharinta a duniya guda ɗaya ne, ba ta kuwa ɓoye shi: tun da ta kama aiki, takarda ko ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunta ba. Hedimasta shida ta gani sun zo, biyar sun tafi sun bar ta. Na yanzun ma a makarantar ya yi karatu, ita ta buga masa takardar kammalawa. A gaban mutane Yallaɓai take ce masa, amma in sun rage su biyu ya nemi ya kawo mata iyayi, sai ta tuna masa shekarar da ya faɗi lissafi.

Safiyarta ba ta canzawa. Ƙarfe bakwai da rabi Maigadi zai biyo ta da makulli ya buɗe ofis. Ta rataye mayafinta a ƙusar bayan ƙofa, ta jona butar shayi, ta zuba wa furenta ruwa. Furen ba wani abin a zo a gani ba ne, ɗan tsiro ne a gwangwanin madara a bakin taga, amma kowa ya san taɓa shi neman magana ne. Shi kuwa Maigadi ba ya tafiya. Sai ya jingina da ƙofa, ya ɗaga agogon hannunsa, ya ce ta makara da minti biyu. Ita kuma ta ce agogon nan nasa tun da aka saye shi bai taɓa faɗin gaskiya ba. Shekara ashirin suna wannan faɗa, babu wanda ya ci, babu wanda ya gaji. Ana cikin haka za ta zauna, ta danna maɓallin kwamfuta, allo ya yi baƙi, ɗan akwati ya fito a tsakiya yana neman kalmar sirri. Fuskarta na wajen Maigadi, bakinta na aiki, yatsunta kuwa su yi caf-caf-caf a kan madannai, kwamfuta ta buɗe.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da kawo kwamfutar. Mutumin da ya zo ya haɗa ta ya sa mata kalmar sirri wadda ake nema tun kafin komai ya bayyana a allo. Ba kalma ba ce ma, tarkacen haruffa ne da lambobi guda goma, babu kai babu gindi. Ya rubuta mata a guntuwar takarda, ya ja kunnenta cewa ta haddace ta yaga, kada ta kuskura ta manna a ƙarƙashin tebur yadda wasu akawu ke yi. Mama kuwa in an ce doka, to doka ce. Kwana uku ta haddace, ta yayyaga takardar ƙanana-ƙanana, ta zuba a kwandon shara biyu daban. Mutumin ya tafi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

To, sai lokacin ajiye aiki ya zo. Ranar Juma'a ce ranarta ta ƙarshe. Ranar Litinin Hedimasta ya shigo da sabuwar akawu, wata matashiya mai natsuwa da ta gama kwaleji, ya ce Mama ta nuna mata kan aiki. Mama ta ji daɗin yarinyar, don ta gaishe ta da ladabi, ba ta kuma zauna ba sai da aka ce ta zauna. Ta nuna mata fayil-fayil, da hatimi, da yadda ake bugun gefen firinta in ta ƙi jan takarda. Can wajen ƙarfe sha ɗaya Hedimasta ya leƙo da ambulan, ya ce Mama ta rubuta kalmar sirrin a sa a ciki.

Ta ɗauki biro, ta ɗora a kan takarda. Shiru. Ta gyara tabarau, ta sake ɗora biron. Ko harafin farko bai zo mata ba. Sai ta yi dariya, ta ce tsufa ne, bari ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa, ta kalli yatsunta suna bugawa, sai ta kwafa.

Kwamfutar nan fa a buɗe take, tana aikinta lafiya lau. Mama da hannunta ta kashe ta. Ta kunna, akwatin ya fito, ta jera yatsu, ta zuba musu ido. Yatsun da suka shekara goma sha ɗaya suna wannan aiki sai suka tsaya cak, kamar yaron da aka ce ya yi karatu a gaban baƙi. Ta lallaɓa ta buga wani abu, kwamfuta ta ce ba shi ba ne. Ta sake, ta ƙi. A karo na uku injin ya yi ɗif, ya kashe kansa. Nan take zufa ta karyo mata, ga fanka na juyawa a kanta.

Abin da ke cikin kwamfutar ba ƙarami ba ne. Sunayen ɗalibai da sakamakonsu na shekara goma sha ɗaya duk suna ciki, don hedimastan da ya gabata ya ce zamanin tara takardu ya wuce. Akwai faifan da ake kwafe komai a ajiye, amma ya mutu tun bara, ana ta za a sayo, za a sayo. Ga 'yan ajin ƙarshe ɗari da arba'in suna jiran takardunsu. Matar da ba ta taɓa ɓatar da takarda ɗaya ba, ga shi za ta ɓatar da dubbai a makonta na ƙarshe. Tsoro ya kama ta, kunya kuma ta fi tsoron yawa.

Ranar Talata aka kira mai gyara. Injiniya ake ce masa, magidanci ne mai furfura kaɗan a gemu, shagonsa na bayan tashar mota. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: in mai kwamfuta zai buga kalmar sirri, sai ya juya ya fuskanci bango, ya harɗe hannu a baya, har sai an ce ya juyo. Ya ce Mama ta sake gwadawa, ya juya ya ba ta ƙeya. Ta gwada, aka sake kwatawa.

Sabuwar akawu ta ce ta taɓa jin cewa in an cire wani ɗan batir mai kama da kwabo a cikin injin, kalmar sirri na gogewa. Injiniya ya ce ba ƙarya ta ji ba, a wasu tsofaffin injina ana dacewa, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ya buɗe murfin, ya duba, ya haɗa faifan da nasa injin, sannan ya yi musu bayani dalla-dalla. Ya ce kwaɗo uku ne a jikin kwamfutar. Akwai na tayar da ita, akwai na shiga saitin cikinta, wanda masu gyara ke kira bayos, akwai kuma na kan faifan da ke riƙe da bayanan. Wanda ya haɗa ta da alama kalma ɗaya ya sa wa duka ukun. Ko ya yi dabara ya cire na farko da na biyu, na ukun yana nan, don a jikin faifan yake. Zai iya sa sabon faifai kwamfuta ta tashi garau, amma babu sunan ɗalibi ko ɗaya a ciki. Canza kalmar kuma abu ne na minti biyar, sai dai dole a fara buga tsohuwar.

Mama ta miƙa masa hannuwanta biyu. "Ɗan nan, tana cikin yatsun nan. In kana da dabarar ciro ta, ka ciro. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Mama, shekara ashirin ban kalli hannun kowa ba."

"To yau ga hannu an ba ka, ka san yadda za ka yi."

Ya yi murmushi, ya ce ta ba shi kwana biyu ya yi tunani, ya kuma roƙe ta ta daina takura wa kanta da gwaji.

Da yamma a gida ta kasa cin abinci. Mijinta, wanda take kira Malam, tsohon direban babbar mota ne da ya ajiye aiki, ba shi da sana'a yanzu sai rediyo da tsokanarta. Sakatare yake ce mata tun suna da ƙuruciya. Ya same ta a tsakar gida ta ɗora faranti a cinya tana ƙwanƙwasawa da yatsu, tana motsa baki. Da ya ji labarin bai yi mata jaje ba. Sai ya kawo nasa, wai shekara arba'in yana tuƙi, amma ranar da ɗan ƙanensa ya tambaye shi ta ina ake juya sitiyari in za a yi baya da tirela, ya tsaya tunani, sai da ya rushe wa maƙwabci katanga. Ya ce kaza in ana bin ta ba ta shiga akurki, a ƙyale ta magariba ta yi. Mama ta ce ita tana cikin tashin hankali shi yana mata zancen kaji. Malam ya tambaye ta yadda take yi in ta shiga ofis da safe, ɗaya bayan ɗaya, ta amsa masa a fusace. Sai ya zura takalmi ya ce zai je sayen batirin rediyo. Ta lura batirin ya ɗauke shi awa biyu, amma ba ta da ƙarfin tambaya.

Laraba ta fi kowace rana muni. Labari ya zaga makaranta, malamai suna ta leƙowa suna mata sannu kamar an yi rasuwa. Hedimasta yana cewa ba komai Mama, alhali fuskarsa na cewa da komai. Wanda ya fi ɓata mata rai Maigadi ne. Kwana biyu ke nan yana buɗe mata ƙofa sumui-sumui, ya ce Allah ya kawo mafita, ya koma bakin get. Ko agogon bai ɗaga ba. Ita kuma ta zauna tsaf, ta yi bisimilla, ta tsura wa yatsunta ido, su kuma su tsura mata. Ranar tana komawa gida ta fara tsara kalaman da za ta ba iyayen yara haƙuri da su.

Ranar Alhamis ta iso bakwai da rabi. Maigadi ya biyo ta da makulli yana ɗaure da fuska. Ta rataye mayafi, ta jona buta, ta ɗebo ruwa a kofi ta nufi taga. Babu fure, babu gwangwani, sai zagayen tsatsa a inda yake zama.

Ta juyo. Maigadi ya jingina da ƙofa, ya ce shi ya jefar da shi a bola. Wai tunda gobe za ta tafi, gara a fara rage tarkace. Ya ƙara da cewa dama ciyawa ce kawai, sauro take tara wa mutane. Sannan ya ɗaga agogo ya ce yau ma ta makara, minti huɗu, kuma in za a faɗi gaskiya shekara ashirin ba ta taɓa zuwa a kan lokaci ba.

Ai kuwa ya taɓo wa kansa. Ɓacin ran kwana uku ya samu ƙofa. Mama ta dire kofin, ta ja kujera ta zauna, ta fara yi masa wankin babban bargo. Ta faro daga agogon, wanda ta ce ko jariri aka ɗaura wa zai yi kuka. Ta gangaro kan barcin da yake yi a bakin get da rana tsaka har awaki su shigo su cinye shukar makaranta. Ta tuno masa ranar da ya kulle mai duba makarantu a banɗaki ya tafi da makulli. Maigadi yana ta zuba mata fetur, ta ce ɗaya ya ce biyu. Sabo turken wawa, in ji masu magana. Hannunta na dama ya sauka ya danna maɓallin kwamfuta ba da saninta ba. Tana tsakiyar cewa furen nan ya fi shi amfani a makarantar, sai ta ji wani ɗan kiɗa mai daɗi a gabanta, irin wanda kwamfuta ke yi in ta buɗe.

Ta katse maganar. Ta juya. Ga allo ya haskaka, ga fayil-fayil ɗinta a jere, kowanne a inda ta bar shi.

"Kada ki taɓa komai, Mama."

Injiniya ne, ya fito daga ofishin Hedimasta, Hedimastan na biye da shi, sabuwar akawu a bayansu ta toshe baki da hannu. Abu na farko da ya yi, ya jona sabon faifai ya kwafe komai tas. Sai da aka gama sannan ya hau kujera, ya ɗaga gefen labulen da ya rufe tsohuwar tafireta, ya zaro wayarsa. Tun da sassafe ya saƙale ta a nan, idonta na kallon madannai. Ya miƙa mata wayar ba tare da ya duba ba.

"Ni ban kalla ba, ba kuma zan kalla ba. Hannunki ne, ke za ki kalla."

Ya nuna mata yadda ake rage gudun hoton, ya juya ya fuskanci bangonsa. Mama ta zauna tana kallon wasu hannuwa a cikin waya, masu jijiyoyi a waje, fatar ta yamutse, ga zoben da ya yi wa yatsa yawa. Sai da ta ɗan jima kafin ta yarda nata ne. Ba ta taɓa sanin sun tsufa haka ba, ba ta kuma taɓa sanin sun iya aiki haka ba, kowane yatsa na sauka a gurbinsa ba ko tantama. Ƙwalla ta cika mata ido, ta cire tabarau ta goge ta ce fanka ce. Sau biyar ta maimaita hoton, ta rubuta haruffa da lambobi goma. Ta kalle su a takarda, wallahi ko a hanya ta gamu da su ba za ta gane su ba.

Saura gwaji. Aka kashe kwamfutar. Injiniya ya ce da zarar ta kunna ta yi ta danna wani maɓalli a layin sama. Akwatin ya fito, ta kalli takarda ta buga da yatsa ɗaya, ɗaya bayan ɗaya kamar kaza na tsattsagar hatsi. Wani shuɗin allo ya buɗe, cike da rubutun da ba ta taɓa gani ba duk tsawon zamanta da injin. Hedimasta ya sauke ajiyar zuciya har sai da kowa ya ji. Injiniya ya goge hoton daga wayarsa a gaban idonta. Ya ce wannan karon ba za a sa ƙwai duka a kwando ɗaya ba: kalmar saitin ciki daban, Hedimasta ya zaɓa, ta tayarwa da ta faifai kuma sabuwar akawu ta zaɓa, kowacce a rubuta a rufe a ambulan a kulle a akwatin ƙarfe na ofis. Ya nuna musu gurbi uku, na tsohuwar kalma a sama, na sabuwa a tsakiya, na maimaita sabuwar a ƙasa, sannan a adana kafin a fita.

Mama ta buga tsohuwar kalmar a karo na ƙarshe. Ta miƙe, ta kakkaɓe kujerar da gefen zanenta duk da babu komai a kai.

"Zauna, 'yata. Kujerarki ce."

Yarinyar ta ce a bari sai gobe mana, Mama ta ce ba a barin irin wannan ya kwana. Sai ta taka ta je kusa da Injiniya, ta fuskanci bango, ta harɗe hannu a baya yadda yake yi. Shekara talatin da biyu tana ofishin nan ba ta taɓa kallon bangon nan da kyau ba, ashe har da tsaga a jikinsa. A bayanta ta ji madannai na ƙara. Kunnen mai buga takardu ba ya rufuwa, ta ƙirga ba da niyya ba, goma sha biyu, sannan aka sake goma sha biyu. Bugun a natse yake. Ta ji kewa, amma daɗin da ta ji ya fi ta girma.

Da ta juyo, ga Maigadi a bakin ƙofa rungume da gwangwanin fure, har ya zuba masa ruwa. Ya ce ta yafe masa, Malam ne ya zo shekaranjiya da yamma ya tara su shi da Injiniya, ya ce in ana so yatsun su yi aiki sai an ɗauke hankalin mai su, kuma babu abin da zai ɗauke shi kamar furen. Mama ta karɓi kayanta, ta juya gwangwanin ta duba ko ganye ya karye. Ta ce ta yafe maganar fure, ta janye ta awaki, amma abin da ta faɗa a kan agogo yana nan. Kafin a tashi ranar Juma'a, ita da sabuwar akawu sun buga takardu ɗari da arba'in, Hedimasta ya sa hannu har ya yi ƙorafin yatsa. Ta bar wa ofis tafireta da butar shayi, ta tafi da furenta.

Ranar Litinin ta farko a gida, jikinta ya tashe ta kamar kullum. Ta zuba wa furen ruwa a bakin tagar ɗakinta, ta haɗa shayi, ta fito da faranti tsakar gida. Malam na kan kujerarsa da rediyo a cinya. Ta zauna, ta ɗora farantin a gabanta, ta rasa abin da za ta yi da hannuwanta. Malam ya kalle ta ta gefen ido, ya ɗaga hannunsa da ko agogo babu.

"Sakatare, kin makara da minti biyu."

Ta juyo ta fara ba shi amsa, ta ce mutumin da ya rushe katangar maƙwabci ba shi da bakin yi wa kowa gyara. Tana cikin faɗa yatsunta suka sauka a gefen farantin, caf-caf-caf, sau goma, har cokali ya yi ƙara a cikin kofi. Su duka biyu suka bi hannun da kallo.

"Ta buɗe?" in ji Malam.

Mama ta tura masa kofinsa. "Ta buɗe. Sha shayinka kafin ya huce."